Farfaɗo Da Ƙungiyoyin Masu Rubuta Manhaja A Ƙasar Kankiya Da Kusada



Muna godiya da aka ba mu damar yin magana a gaban 'ya'yan Kankiya da Kusada, waɗanda neman ilimi ya tara su wuri guda. Abin da aka nemi mu tattauna a kansa shi ne ƙungiyoyin masu rubuta manhajar kwamfuta, watau 'yan tarukan nan da ɗalibai da ma'aikata kan kafa a garinsu ko a makarantarsu don koya wa juna wannan sana'a, da kuma yadda za a farfaɗo da waɗanda suka yi sanyi, a haɗa kansu. Wani yana iya cewa, ƙasar da ke fama da tsadar taki da rashin tsaro, ina ita ina zancen manhaja? To, manhaja dai ta riga ta shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka yaron Rimaye ko na Mawashi ba shi da hanyar zuwa inda muke zaune yau sai ya bi ta gaban allon na'ura. Albashin ma'aikaci, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da lissafin allurar rigakafi, da kuɗin da ake aika wa tsohuwa a ƙauye, duk manhaja ce ke riƙe da su. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne, za a sami 'ya'yanmu cikin masu ƙera ta da gyara ta, ko kuwa za mu dawwama a layin masu saye?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware abin da muke nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Kowace manhaja tana da rubutunta na asali, wanda mutum ya zauna ya tsara layi bayan layi cikin wani harshe na kwamfuta, kamar Python ko C. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye wannan rubutu, su sayar maka da izinin amfani kawai, tamkar wanda ya sayar maka da injin ban-ruwa amma ya liƙe murfinsa da darma, ya kuma sa ka yi alkawarin ba za ka buɗe ba. In injin ya tsaya sai ka jira shi, in ya daina ƙera kayan gyaransa sai ka yar. Ita kuwa buɗaɗɗiyar manhaja kamar garmar shanu take. Ƙirarta a fili take, kowane maƙeri a kowace kasuwa yana iya dubawa ya gyara, ya sauya mata baki gwargwadon ƙasar gonarku, ya kuma koya wa yaransa.

Wannan tafarki yana da tarihi. A wajajen 1980 wani mai rubuta manhaja a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Richard Stallman, ya nemi rubutun manhajar wata na'urar buga takardu da ke yawan cije musu takarda, don ya gyara, aka hana shi. Wannan na cikin abubuwan da suka sa a 1983 ya shelanta aikin GNU, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Haƙƙoƙi huɗu ne wannan tafarki ya tsaya a kansu: mutum ya yi amfani da manhaja yadda ya so, ya karanta rubutunta ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ya kuma raba gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya fara rubuta Linux, ya ajiye a fili, ya ce duk mai iyawa ya sa hannu. Yau wayar Android da ke aljihun yawancinmu a kan Linux aka gina ta, kuma tun 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da ita suke aiki. Ku lura da kyau, wanda ya fara wannan aiki ɗalibi ne sa'anku.

Amma rubutu a fili bai isa ya koyar da kansa ba, kamar yadda tulin littattafai a zaure ba ya zama malami. Sai an sami mutane sun zauna tare. Tun 1955 masu aiki da manyan kwamfutocin IBM a yankin Los Angeles suka kafa ƙungiya mai suna SHARE don musayar abin da kowa ya rubuta, kuma har yanzu tana nan da ranta. A watan Maris na 1975 wasu masu sha'awa suka fara taruwa a wani garejin mota a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, da sunan Homebrew Computer Club, kuma a tarukan wannan ƙungiya ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutarsa, ya riƙa raba zanen ƙirarta kyauta, wadda daga baya ta zama tushen kamfanin Apple. A 1997 masu rubutu da harshen Perl suka kafa ƙungiyarsu ta farko a birnin New York, aka sa musu suna Perl Mongers, tsarin ya bazu zuwa birane masu yawa a nahiyoyi daban-daban, kowane gari da tasa, ana kuma riƙe da kundi guda na sunayensu. Da zamani ya juya, da yawa daga cikinsu suka yi tsit, sunan gari yana cikin kundi amma babu mai amsa sallama. Ashe ke nan ciwon da za mu yi magana a kansa ya kama har waɗanda suka fi mu wuta da kuɗi.

A nahiyarmu ma ba a zauna ba. A 2003 aka kafa gidauniyar FOSSFA don yaɗa buɗaɗɗiyar manhaja a Afirka, cikin waɗanda suka kafa ta har da 'yar Nijeriya Nnenna Nwakanma, kuma a 2012 ta yi babban taronta a Abuja. A 2004 Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fitar da Ubuntu, wani nau'in Linux mai sauƙin girkawa. A 2017 masu harshen Python na ƙasar nan suka yi babban taronsu na farko a Legas. A 2018 Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa Open Source Community Africa, mai rassa a birane da dama. A Kano akwai cibiyar CITAD, wadda ta daɗe tana fafutukar kai fasahar sadarwa ga talaka. A jiharmu kuma akwai Jami'ar Alƙalam tun 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma tun 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, duk suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa hukumar fasahar sadarwa, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3. Masu ilimi dai ana samunsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne inuwar da za su zauna in sun koma gida.

Bisa ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Kankiya tana da mutum fiye da 150,000, Kusada kuma kusan 100,000, kuma ba shakka yau sun ƙaru ƙwarai. Muna zaune a kan titin da ya haɗa Kano da Katsina, birane biyu da ake harkar fasaha a cikinsu, amma harkar takan wuce mu kamar motar da ta cika tun daga tasha. Ɗalibi ya yi shekara huɗu yana koyon rubuta manhaja, ya dawo gida, bai sami wanda zai duba masa layi goma ba, bayan damina biyu abin ya zube daga kansa, ya koma sana'ar cajin waya ko cirar kuɗi, ko kuwa ya ɗauki jakarsa sai Abuja. Sana'o'in nan ba abin rainawa ba ne, amma asara ce a kashe kuɗin iyaye da na gwamnati a horar da maƙeri, ya ƙare yana sayar da gawayi.

Sanin kowa ne cewa ɗalibai sukan yunƙura. Kusan kowa a nan ya taɓa ganin an kafa 'yar ƙungiya a makaranta ko lokacin hutu, an zaɓi shugabanni, an buga riguna, an yi taro biyu ko uku cikin ɗoki, sa'an nan shiru. Ruwa ba ya tsami banza, kuma in muka duba da idon basira za mu ga dalilan a fili.

Na farko kuma mafi girma, ƙungiyar takan rataya a wuyan mutum guda. Duk mai bin hanyarmu ya san garin Gidan Mutum Ɗaya. Shi garin ya daɗe da wuce sunansa, jama'a ce cike da shi. Ƙungiyoyinmu ne suka gaji sunan da gaske. Shi ne mai kwamfuta, shi ne mai mabuɗin ɗakin taro, shi ya san malamin da ake roƙa, lambobin kowa a wayarsa suke. Ranar da takardar bautar ƙasa ta fito aka tura shi kudu, ranar aka yi jana'izar ƙungiya, ba tare da kowa ya sani ba.

Na biyu, ana kafa ta ne a kan abin hannun baƙo. Wani kamfani ko wata ƙungiyar waje ta zo da lemo da riguna da takardar shaida, ɗaki ya cika, ranar da lemo ya ƙare kujeru su koma wayam. Zanen aro ba ya rufe katara. Na uku, babu aikin da ake yi. Taro ne na jawabi da tafi da ɗaukar hoto, ana ta maimaita darasin farko ga sababbin fuskoki, ƙwararru su gaji su janye. Na huɗu, ba a rubuta komai, saboda haka waɗanda suka zo baya sai su sake share sabuwar gona, alhali ga sheƙar magabatansu nan kusa ta koma saura.

Kada a ɗauka haɗarin rataya a wuyan mutum guda ƙaramin abu ne. A watan Maris na 2024 duniya ta tsallake rijiya da baya. Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz, mai matse bayanai, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da ita, ba albashi, har ya gaji. Sai wani da ya ɓoye kamanninsa ya zo da sunan taimako, ya yi kimanin shekara biyu yana aiki har aka amince masa, sa'an nan ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura na'urarsa tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin kafin ya bazu. Darasi biyu ke nan a wuri guda. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma tsagar a nan gajiyar mutum ɗaya ce. Haka kuma, don rubutun a fili yake shi ya sa aka kama ɓarawon.

To, ina magani? A ganinmu ba sai mun tafi Kalifoniya neman tsari ba, domin kuwa kakanninmu sun bar mana shi. Manomi ya san aikin gayya: yau a gonar wane, gobe a ta wane, ba a biyan kowa lada, amma kowa ya san ranar tasa tana tafe. Iyayenmu mata sun san adashi: zubi kaɗan, a kan lokaci, kwasa tana zagayawa, uwar adashi tana riƙe da lissafi. 'Yan kasuwa sun san ranar kasuwa: ba a aika wa kowa goron gayyata, amma rana ta yi kowa ya hallara, ko ana ruwa ko ana rana. Maƙera kuma sun san yaro ba ya koyon ƙira da jin labari, sai ya riƙe zuga-zugi. A kan waɗannan abubuwa muke son a gina shawarwarin da za mu kawo.

Da farko a tsayar da rana da wuri, a kuma riƙe su kamar ranar kasuwa. Alal misali, Asabar ta farkon kowane wata, da hantsi, a aji guda na makarantar sakandare da aka nemi izinin shugabanta a rubuce. Ko mutum uku ne suka zo, a zauna a yi abin da ya kawo su. Taron mutum uku da ba ya fashi ya fi taron mutum ɗari da ake yi sau ɗaya a shekara, gama zumunci a ƙafa yake.

Sa'an nan kada a bar ragama a hannun ɗalibai kaɗai. Ɗalibi baƙo ne a makaranta, baƙo ne kuma a gida, rabin shekararsa a hanya take. Ma'aikaci matashi kuwa, malamin makaranta ne, ko ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, ko mai kula da bayanai a asibiti, shi ne turken da ba ya tafiya. Kowace ƙungiya ta sami masu riƙo biyu, ɗalibi da ma'aikaci mazaunin gari, kowannensu kuma ya fid da magajinsa tun ranar da ya karɓi aiki, ya riƙa jan sa a jiki. Wa'adi shekara ɗaya ya isa. Mabuɗi, da kalmar sirri, da lissafin kuɗi, kada ɗaya daga cikinsu ya zauna a hannun mutum guda.

Haka nan kuma a ajiye littafi. Littafin rubutu na takarda ma ya wadatar: ranar taro, waɗanda suka zo, abin da aka koya, abin da ya gagara, da sunan wanda ya ba da aron ɗaki. Rubutun manhajar da aka yi kuwa a adana shi da Git, wanda Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don bin sawun kowane gyara da wanda ya yi shi, a kuma sa masa buɗaɗɗen lasisi tun ranar farko, don kada gobe wani ya ce nasa ne shi kaɗai.

Mafi muhimmanci, a sami gonar da za a yi wa gayya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakinmu yana yoyo a wurare da dama. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan ne suka fi yawa a makarantu da ofisoshinmu, wasu ma da manhajar da aka kwafa ba bisa ƙa'ida ba, mai tafe da ƙwayoyin cuta. Linux mara nauyi, irin su Debian ko Lubuntu, takan tayar da kwamfutar da aka yanke wa ƙauna. Ƙungiyar da ta farfaɗo da kwamfuta goma a makaranta guda, ta koya wa 'yan aji shida riƙe linzami da buga haruffa kafin jarrabawar JAMB, ta yi aikin da iyaye za su gani da idonsu, kuma garin ba zai bari ta mutu ba.

Ga kuma fannin lafiya. Kankiya tana da Makarantar Koyon Aikin Lafiya da babban asibiti. Manhajar da Nijeriya ke tattara alƙaluman asibitocinta da ita, DHIS2, buɗaɗɗiya ce, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ta. ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da masu bincike ke cike bayanai da su a waya ko babu layi, su ma buɗaɗɗu ne. Ɗalibin lafiya yana bukatar mai koya masa su, ɗalibin kwamfuta yana bukatar aiki na gaske, ga su a gari ɗaya ba su san juna ba. Sai dai mu ja kunne: bayanan marasa lafiya amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Koyo da bayanan gwaji ake yi.

Akwai taswira. OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, taswirar duniya ce da kowa ke iya ƙara wa abin da ya sani. Wa ya fi ɗan Kafin Soli sanin hanyar da ke yankewa da damina? Wa ya fi 'yar Dudunni sanin rijiyar burtsatsen da ke aiki da wadda ta ƙafe? A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, wanda ya kai ga shelanta Afirka ta rabu da ita a watan Agusta na 2020, zana taswirar ƙauyuka da rugage na arewa ya taimaka ƙwarai wajen gano yaran da ake tsallakewa. Garin da ba ya cikin taswira, sau da yawa ba ya cikin kasafi.

Akwai harshenmu. Har yanzu ana rubuta Hausa a waya ba ƙugiya, a haɗa ƙasa da kasa, a haɗa ɗaki da daki, alhali haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode da daɗewa. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyi don na'ura ta koyi jin magana, kuma Hausa tana ciki. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta fara a 2019, da 'yan'uwanmu na HausaNLP suna gina kayan aiki a fili don harsunan Afirka, ga kuma Wikipedia ta Hausa tana neman marubuta. In ba mu sa bakinmu ba, na'ura za ta koyi Hausar wasu, karin harshen Katsinawa kuma ta ɗauke shi kuskure. Wannan gona ce da ɗalibin Hausa da na tarihi za su yi noma kafaɗa da kafaɗa da ɗalibin kwamfuta.

Yanzu sai batun haɗa kai, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara. Muna ba da shawarar kundi guda na ƙungiyoyin wannan yanki, daga Kankiya da Kusada da Ingawa, waɗanda dama mazaɓar tarayya guda ce, har zuwa Dutsinma da Katsina. A rubuta sunan kowace, da ranar taronta, da masu riƙonta biyu. Bayan kowane wata shida mai kula da kundi ya tuntuɓi kowa. Wadda ta amsa a bar ta, wadda ba ta amsa ba a rubuta cewa tana barci, a kuma shelanta cewa duk ɗan garin da ya shirya yana iya karɓar littafinta ya ci gaba da sunanta, ba sai ya kafa sabuwa ba. Bayan kowane wata uku a yi babban zama, yana zagayawa gari gari kamar kwasar adashi, kowace ƙungiya ta nuna abin da ta ƙera. A riƙa aron malamai: wanda ya iya Python a Dutsinma ya zo Kusada, wanda ya iya taswira a Kankiya ya je Ingawa, a biya masa kuɗin mota daga zubin wata-wata. Shi mai kula da kundi marubuci ne kawai. Ranar da ya fara jin kansa sarki, yana naɗawa yana tuɓewa, ranar aka koma gidan jiya.

Mun san akwai masu tambayoyi a zuci, kuma tambayoyin suna da nauyi. Wani zai ce, ina wuta, ina data? Gaskiya ne. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Dutsinma da ke nan kusa, aka shafe watanni. Wannan shi ya ƙara nuna darajar buɗaɗɗiyar manhaja, domin doka ta yarda a kwafe ta. Mutum ɗaya ya sauke Debian da littattafan Python a jami'a, ya haɗa da Kiwix, mai ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, ya zuba a faifai guda, ya wadatar da gari. Farantin sola ɗaya da batir sun isa riƙe kwamfutocin cinya biyu ko uku na tsawon zama.

Wani zai ce, aikin kyauta, ina abinci? Shi ma maƙerin da ya koya wa kowa ƙirar garma bai kwana da yunwa ba, domin gyara da girkawa da koyarwa duk sana'a ce. A 2019 IBM ya sayi kamfanin Red Hat, wanda bai da haja sai hidimar buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 34. Shirin Google Summer of Code tun 2005 yake biyan masu koyo don su yi aiki a irin waɗannan manhajoji, haka ma shirin Outreachy, kuma 'yan Nijeriya suna shiga daga ɗakunansu. Daɗin daɗawa, aikin da ka yi a fili shaida ce da mai ɗaukar ma'aikata zai karanta da idonsa, ta fi takardar halartar bita guda ashirin.

Game da 'yan'uwanmu mata, in aka sa taro da dare ko a shagon da maza ke hira, an kore su ke nan ba tare da an furta ba. A yi shi da rana, a makaranta, da sanin iyaye, a kuma sa mace cikin masu riƙo. Zaman rana ya fi dacewa da halin da hanyoyinmu ke ciki ma. A yi bayani da Hausa, a bar Turanci ga abin da na'ura ke karantawa, don kada kunyar harshe ta hana yaro tambaya. Game da 'yan siyasa da masu hannu da shuni kuwa, wanda ya ba da ɗaki ko farantin sola a gode masa a rubuta a littafi, amma kada a sa wa ƙungiya hular kowa, domin zaɓe yakan wuce ya bar gaba.

'Yan'uwa, ba mu zo neman a kafa kwamiti ko a buga riga ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kafin a watse daga wannan zaure, 'yan kowane gari su keɓe, su fid da mutum biyu, su tsayar da rana, su ambaci makaranta guda da za a fara duba kwamfutocinta a hutun da ke tafe. Wanda ya san wata ƙungiya da ta yi barci, ya nemi wanda ya riƙe ta a da, ya gaishe shi da girmamawa, ya karɓi abin da ya rage a hannunsa. Ku kuma ma'aikata, ku buɗe mana ƙofa, ku riƙe mana turke in mun koma makaranta. Ƙannenmu na Yashe da Gyaza da Kofa suna nan tafe, kuma abin da suka tarar a hannunmu shi za su ɗora a kai.

Allah ya yi mana jagora, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.